HAƘƘIN ƊALIBIN DA KE ƘETAREN KOGI: RADDI GA MASU CEWA RAUNIN IMANI NE



Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci jiki da ruhi, Ya sanya wa kowannensu haƙƙi da iyakar abin da zai iya ɗauka. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka yi haƙuri da tsawon rubutun yau. Mun saba a wannan zaure mu tattauna tsarki da salla da zakka. Yau kuwa magana ce a kan wani wajibi da muka yi wa riƙon sakainar kashi, mu limamai da ku iyaye da attajiran unguwa, shi ne haƙƙin ƴaƴanmu da ke karatu a jami'a da sauran manyan makarantu na nan Yamai, waɗanda zukatansu ke karyewa a gaban idonmu, mu kuwa muna yanke musu hukunci da kalma guda: raunin imani.

Zan fara da laifin kaina, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani dare bayan sallar isha'i, wani saurayi ɗalibi na wata babbar makaranta a nan birni ya tsaya har jama'a suka watse, ya matso ya ce: "Malam, barci ya ƙaurace mini, ƙirjina kuma ya yi nauyi." Na ce masa ya yawaita istigfari, ya riƙe zikirin safiya da maraice, na yi masa addu'a, na sa takalmina na tafi. Ban tambaye shi inda yake kwana ba. Ban tambaye shi ko ya ci wani abu a yinin ba. Bayan wata huɗu sai ga mahaifinsa ya taso daga gabashin ƙasa, yana riƙe da hannunsa, ya ce: "Malam, a taimaka da ruƙiyya, an ce aljanu sun taɓa shi." Yaron ya rame, ba ya haɗa ido da kowa. Da na keɓe da shi, sai maganar ta fito a hankali. A kan tabarma yake kwana tsakanin gadajen abokai. Sau ɗaya yake cin abinci a yini. Ya faɗi jarrabawa an maimaita masa shekara, amma ya ce wa gida ya wuce, saboda ya san an sayar da bisashe domin karatunsa. Daga nan wani aboki ya ba shi tramol don ya iya raba dare yana karatu. Mun yi masa addu'a, muka kuma kai shi wurin likita, kuma Allah Ya sauƙaƙa. Amma har gobe ina tuna cewa ya zo wurina tun ciwon yana ƙarami, ni kuwa na ba shi amsar da ba ta kashe mini ko dala ba.

ABIN DA ZAMAN JAMI'A KE YI WA ZUCIYAR YARO

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, cewa jami'ar Yamai ta faro a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, a 1992 kuma aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin hasken rana haifaffen Tasawa, wanda ya rasu a 1991. A lokacin da aka kafa ta, masu samun bak a ƙasar nan ƴan kaɗan ne. Yau dubbai ne kowace shekara. An buɗe jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, an ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, amma har yanzu Harobanda cike take maƙil. Ga abin da yaronka yake tararwa idan ya ƙetare gadar Kennedy.

Na farko, baƙunta. Yaron da ya taso daga Damagaram ya yi tafiyar kusan kilomita 900, na Difa kuwa sama da 1,300. A garinsu kowa ya san sunansa da sunan ubansa, in ya yi kwana biyu bai fito ba sai an leƙo. A nan kuwa lamba ce a takarda. Yana zaune a babban ɗakin karatu tare da ɗaruruwa, wanda bai yi sammako ba ya tsaya a bakin taga, malamin da ke koyar da shi ba zai gane shi ba ko sun haɗu a kasuwa. Kaɗaici a tsakiyar taro ya fi kaɗaicin daji ciwo.

Na biyu, makwanci. Ɗakunan kwana ba su isa ba, saboda haka ɗakin da aka gina domin mutane kaɗan sai ya ɗauki ninkinsu, wanda bai samu ba kuma ya raɓa a Lamorde ko Karaje ko Kirkisoy, ko ya riƙa tasowa daga Tallaje da Bukoki kullum, in akwai kuɗin mota. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura 40, ga sauro, ga ɗaukewar wuta. Likitoci sun tabbatar cewa baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa sama, kuma rashin barci mai tsawo shi kaɗai ya isa ya rikita tunanin mai lafiya.

Na uku, ciki. Da yawansu ba su da abin dogaro sai kuɗin tallafin karatu da suke kira burs, ga wanda ya samu ke nan, kuma jinkirin biyansa tsohon kuka ne da duk mai sauraren rediyo ya sani. Hausawa suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga ɗaliba mace kuwa lamarin ya fi muni, domin yunwa da rashin kuɗin mota su ne ƙofar da mutanen banza masu motoci ke ƙwanƙwasawa, kuma in ta ƙi ta sha wuya, in ta faɗa tarkon ta kwana da nadamar da ba ta da wanda za ta gaya wa.

Na huɗu, jira. Yajin aikin malamai, yajin ɗalibai, rufe makaranta, shekarar karatu ta hau kan wata. Lisans ɗin da aka tsara wa shekara 3 yakan ci wa mutum 4 ko 5. Ɗan Adam yana iya jure wahalar da ya san ranar ƙarewarta. Wadda bai san ƙarshenta ba ita ke cin rai kamar gara.

Na biyar, nauyin gida. Shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai jami'a. Tun bai gama ba ana kiransa a waya: gero ya ƙare, ƙanwarka za ta yi aure. Yana kuma ganin yayyensa da suka gama tun shekaru suna zaune a fada suna dafa shayi, takardunsu na cikin jaka. Sai ya tambayi kansa: wannan duka domin me?

Duk waɗannan suna sauka ne a kan mutum a shekarun da ya fi rauni, domin masana lafiya sun nuna cewa mafi yawan cututtukan tunani suna fara bayyana ne kafin shekara 25. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta lissafa kashe kai a cikin manyan musabbaban mutuwar masu shekara 15 zuwa 29. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu.

Kuma kukan ɗalibai ba na yau ba ne. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy, kuma har yanzu ana tunawa da su kowace shekara. Ranar 10 ga Afrilu 2017 wani ɗalibi ya rasa ransa a zanga-zangar neman gyaran yanayin karatu da zama, aka rufe harabar jami'a na wani lokaci. Waɗannan ƙasa duka ta ji labarinsu. Amma wanda ya faɗi shiru a kan tabarma, aka sa shi a mota aka maida shi ƙauye da sunan ya taɓu, shi ba shi da ranar tunawa, kuma ba wanda ya ƙidaya shi.

AMSA GA MAGANGANU HUƊU

Idan ka ce: "Mai imani ba ya shiga ƙuncin rai," sai in ce maka ka ji tsoron Allah a kan abin da kake jingina wa addini. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Imaninka ya fi nasa ne? Malaman tarihi sun sa wa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu sunan shekarar baƙin ciki, saboda abin da ya sami fiyayyen halitta a cikinta. Nana A'isha kuwa takan sa a dama wa wanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu na sha'ir, domin ya sami sauƙin zuciya. Ka duba: baƙin ciki ne, aka tare shi da abinci tare da addu'a.

Ga kuma ƙissar da ta fi kowace kusa da maganarmu. Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, yana cikin Ahlus Suffa, matalautan ɗalibai da ke kwana a masallacin Madina. Bukhari ya ruwaito cewa yakan faɗi a sume tsakanin mumbari da ɗakin Nana A'isha, mai wucewa ya zaci hauka ne, alhali yunwa ce kawai. Wata rana ya zauna a kan hanya yana tambayar manyan sahabbai ma'anar wata aya, ba don bai sani ba, sai don ko wani ya ja shi gida ya ci abinci. Suka amsa masa suka wuce, ba su lura ba. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo, sai ya dubi fuskarsa ya gane, ya tafi da shi gida, ya shayar da shi madara tare da sauran ƴan'uwansa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ni a daren nan na amsa tambaya na wuce. Sunna kuwa ita ce a dubi fuska.

Idan ka ce: "Aljanu ne, ko sammu, ko kambun baka," sai in ce ba mu musun abin da shari'a ta tabbatar, kuma ruƙiyya ta halal alheri ce ga kowane ciwo. Amma wa ya ba ka ilimin gaibu har ka yanke cewa wannan ɗin aljani ne? Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yana sa sambatu. Tramol idan ya yi yawa yana sa farfaɗiya, barinsa farat ɗaya kuma yana sa rawar jiki da firgita. Kwana da kwanaki ba barci yana sa mutum ya ji muryoyin da babu su. Mai ɗaure yaro yana dukansa da sunan fitar da aljani, yana karɓar kuɗin uban da ya sayar da akuya, zai yi bayani a gaban Allah. Kada kuma ka zaci zancen ciwon zuciya baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, ya rubuta littafi a kan maslahar jiki da rai, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da sanadi bayyananne ba, ya ce na biyun yana da tushe a jiki, sai an haɗa masa da magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira wajajen 1284 yana da sashen masu ciwon hankali, ana ciyar da su daga dukiyar waƙafi. Gadonmu ne muka yar.

Idan ka ce: "Mu ma mun sha wuya a makarantar allo, ba mu haukace ba," sai in ce gaskiya ne mun sha, ni ma na kwana a zaure na yi bara. Amma ka yi adalci. Malaminmu ya san sunan kowannenmu da garinsu. Muna da uwar ɗaki da ke ajiye mana ƙanzo. In ɗayanmu ya yi shiru, kafin azahar an sani. Kuma ba wanda ya ce mana abincin gida duka yana rataye a kan saukar da za mu yi. Yunwarmu tana da abokan tarayya, tasu kuwa a ɓoye take cikin riga mai guga. Sannan ka tuna da waɗanda muka taso tare suka ɓace a hanya. Mu da muka tsira ne kawai muke ba da labari.

Idan ka ce: "Boko ce ta jawo, wa ya aike su? Kuma wannan aikin gwamnati ne," sai in tambaye ka: ranar da matarka za ta haihu, likita mace kake nema ko kuwa? Daga ina za ta fito in ba daga waɗannan azuzuwan ba? Imam Gazali ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma duka ta bari, duka ta yi laifi. To yaron da ke karanta su yana sauke mana nauyi ne, mu kuwa muna yi masa gori. Batun hukuma kuwa, haƙƙi ne a kanta ta biya tallafi a kan lokaci, ta ƙara makwanci, ta tsayar da kalandar karatu, ta sa masu sauraren damuwar ɗalibai a inda ɗalibai suke, kuma muna faɗa mata haka ba tare da tsoro ba. Amma sakacin wani ba ya sauke wajibin maƙwabtaka daga wuyanka. Kiyaye rai da kiyaye hankali suna cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da zuriya da dukiya.

ABIN DA YA HAU KANMU

Kakanninmu da suka je Azhar neman ilimi sun tarar da masauki na musamman domin mutanen Barno, kamar yadda sauran ƙasashe ke da nasu, ana raba wa ɗalibai gurasa daga waƙafin masu hali. Waɗancan mutane sun gane cewa ilimi ba ya zama a kan cikin da ba komai. Mu kuwa muna gasar tayil da fitilu a masallatai, ɗalibi na kwana da yunwa a bayan katangar. Saboda haka:

1. Ya kai uba, idan ka kira ɗanka, ka fara da tambayar barcinsa da abincinsa kafin sakamakon jarrabawa. Ka faɗa masa da bakinka cewa ko ya faɗi, ɗanka ne, ƙofar gida a buɗe take. Tsoron idonka ya fi jarrabawar kanta karya yara da yawa.

2. Ya kai mai gida a Yamai, ka ɗauki ɗalibi ɗaya daga garinku ko wani gari, ya riƙa cin abincin Juma'a a gidanka, ka san sunansa, ka riƙe lambarsa. Ɗa na kowa ne. Ke ma uwargida, ki yi haka ga ɗaliba.

3. Ya kai mai zakka, ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda ta halatta a gare su. Jika biyar a hannunsa a watan da tallafi ya makara tana iya raba shi da ƙwaya, ta raba ƴar'uwarsa da motar da bai kamata ta shiga ba.

4. Ya ku kwamitin masallaci, ku ware wani abu daga tarin Juma'a domin wannan, ku kuma nemi likita ko ma'aikacin jinya daga cikin masu salla a bayanmu, wanda za a iya tura yaro wurinsa cikin sirri.

5. Ya ku ƴan'uwana limamai, mu koyi alamomi. Wanda ya haura mako 2 cikin ƙunci, abin da yake so ya daina yi masa daɗi, barcinsa da cinsa suka sauya, ya janye daga mutane, wannan a haɗa masa addu'a da likita. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rarraba kayansa yana neman yafiya ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai ko na awa guda, a tambaye shi kai tsaye, a kai shi asibiti a ranar. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda mutane ke kira Pavillon E. Mun maida sunan abin zolaya da gori, har mai bukata yana jin kunyar zuwa. Wannan zolaya zunubi ce, a daina ta.

6. Ya kai malamin jami'a da ke karanta wannan, maki amana ne, kuma kalmar wulaƙanci guda a gaban ɗaruruwa tana iya bin yaro har makwancinsa.

Kai kuma ɗana ɗalibi, ke kuma ƴata, ku saurara. Nauyin da kuke ji a ƙirji ba shaida ba ce cewa Allah Ya yi fushi da ku. Ku riƙe salla, domin tana tsara muku yini, tana kuma fito da ku cikin mutane sau biyar. Ku ba jiki haƙƙinsa na barci, ko da karatu bai ƙare ba. Ku nisanci tramol da duk ƙwayar da aka ce tana ƙara kaifin kai, bashi ce mai ruwa, kuma da hankali ake biyanta. Faɗuwa jarrabawa ba ta kai ran mutum ba, maimaita shekara ba ta rage arzikin da aka rubuta. Ku faɗa wa wani halin da kuke ciki, aboki ko malami ko likita. In kuka zo wurin limami ya ba ku gajeriyar amsa ya sa takalmi, ku riƙe masa riga ku ce: "Malam, ban gama ba." Ni dai na yi alkawari zan zauna.

Duk wanda ya san ɗalibin da ya yi shiru kwanakin nan, ya kira shi yau kafin ya kwanta. Wanda ke da niyyar ɗaukar ɗalibi ko ba da gudummawa, ya same ni ko ladan bayan sallar magariba. A tura wannan ga iyayen da ƴaƴansu ke karatu nesa da gida.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni, ina neman gafararSa. Allah Ya yaye wa ƴaƴanmu ƙunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.